Zan je Palermo: me Musulmi zai ci a gidajen abincin wannan birni na bakin teku?

Tambaya: Assalamu alaikum. Wurin aikinmu zai tura ni kwas na mako biyu a birnin Palermo na ƙasar Italiya a watan Mayu. Ba na son in ƙare kwanakina a shagon kebab da garin da na ƙullo daga gida. Ina son in ci abincin mutanen garin a gidajen abincinsu, amma ina tsoron alade da giya, kuma ba na jin yarensu. Me zan ci, a ina, me kuma zan guje wa?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya kai ka lafiya, ya dawo da kai lafiya. Ka yi sa'ar gari, ka kuma yi sa'ar wata, domin a Mayu teku na bayarwa hannu sake a tsibirin Sisili, inda Palermo take, zafi kuma bai kankama ba tukuna. Na jima ina aikin girki a wannan tsibiri, kuma abin da zan fara gaya maka shi ne tsoronka yana da tushe, sai dai haɗarin ba a inda kake zato yake ba. Naman aladen da aka yayyanka aka jera a faranti ba zai ruɗe ka ba, ido ma ya ishe ka. Abin da ke kama baƙo Musulmi a Palermo shi ne kwaɓin fulawa, da kayan zaƙi, da 'yar giyar da mai girki ke tsiyayawa a kasko bai ɗauke ta a bakin komai ba. Zan zo kan wannan. Bari mu fara da abin da za ka ci, don shi ya fi yawa.

Da farko ka cire tunanin "abincin Italiya" daga ranka. Sai a 1861 aka haɗa Italiya ta zama ƙasa guda, kuma har gobe kowane yanki da tukunyarsa. Arewa suna girki da man shanu da shinkafa da naman alade mai yawa. Mutanen Roma suna alfahari da carbonara da amatriciana, waɗanda duka biyun da kumatun alade ake yin su, don haka ba naka ba ne ko a ina ka gan su. Palermo kuwa garin man zaitun ne da kifi da ganyaye da alkama. Saboda haka idan ka ga gidan abinci a tsakiyar gari ya liƙa hotunan carbonara da lasagna da pizza a bakin ƙofa, da wani saurayi yana yafito masu wucewa da Turanci, ka san ba don 'yan gari aka buɗe shi ba. Wuce abinka.

Akwai dalilin da ya sa girkin Palermo zai zo maka da ɗan saba. Tsakanin yammacin Sisili da Tunisiya tafiyar kilomita 150 ce ko ƙasa da haka a ruwa. A shekarar 827 rundunar Musulmi ta sauka a Mazara ƙarƙashin Asad ɗan Furat, alƙalin birnin Ƙairawan na Tunisiya, wanda ya yi karatu gaban Imamu Malik a Madina. Wanda ya san tarihin Mudawwana, babban littafin fiƙihun Malikiyya, ya san sunansa. Palermo ta shiga hannunsu a 831, ta zauna a matsayin babban birnin tsibirin har Nomawa, wato mayaƙan Norman, suka karɓe ta a 1072. A waɗannan shekaru ne noman lemon tsami da rake ya bunƙasa a kwarin da ya kewaye birnin. A 1154 kuma, a cikin littafin da ya rubuta wa Roger na biyu, sarkin Sisili, masanin labarin ƙasa Al-Idrisi ya ambaci garin Trabia da ke gabas da Palermo, inda ake yin busasshiyar taliya ana loda ta a jiragen ruwa zuwa ƙasashen Musulmi da na Kirista. Wannan rubutacce ne. Amma ka yi hattara da masu yi wa baƙi jagora, don kowane abinci a garin sai sun ce Larabawa suka ƙirƙiro shi, har da waɗanda tumatir ne gindinsu, alhali tumatir daga nahiyar Amurka ya zo, ɗaruruwan shekaru bayan mulkin Musulmi ya ƙare. Abin da ya saura da gaske shi ne salon hannu: haɗa zaƙi da tsami, da jefa zabibi da za'afaran cikin abincin gishiri.

To, ga babbar ƙofarka. A mazhabar Malikiyya, wadda mafi yawanmu muke bi, duk abin da ke rayuwa a teku halal ne, ba ya bukatar yanka. Wannan kaɗai ya buɗe maka fiye da rabin abin da ke cikin takardar jerin abinci. Idan a kwas ɗin ka haɗu da ɗan Turkiyya ko Pakistan ka ga yana ƙin taɓa komai sai kifi zalla, kada ka rikice, Hanafiyya ce ta taƙaita masa.

Abin da zan so ka fara da shi shi ne pasta con le sarde. Taliya ce doguwa mai rami a tsaka, da sabon kifin sadin, ba na gwangwani ba, da wani ganyen daji mai ƙamshi da suke kira finocchietto, da albasa, zabibi, 'ya'yan itacen fain da za'afaran. A kai ake barbaɗa garin busasshen burodi da aka soya sama-sama, shi ne ke maye gurbin cuku. Kada ka nemi a zuba maka cuku a kan taliyar kifi. Ba haramun ba ne, amma mai kawo abincin zai dube ka duban tausayi. Loma ta farko za ta iya ba ka mamaki, domin harshenmu bai saba da zabibi a cikin kifi ba. Ka ba ta loma uku kafin ka yanke hukunci. Ganyen nan a tsaunuka ake tsinko shi lokacin bazararsu, daga Maris zuwa farkon zafi, shi ya sa na ce ka yi sa'ar wata. Wanda ya ci wannan abinci a Disamba, ganyen firiza ya ci.

Daga nan sai sarde a beccafico, sadin ne da aka zare wa ƙaya aka cusa masa garin burodi da zabibi, aka naɗe aka gasa tsakanin ganyen laurel da yankan lemo. Mayu da Yuni kuma lokacin tuna ne, sa'ad da manyan kifayen ke shigowa Bahar Rum daga Atlantika don su saki ƙwai. Tsibirin Favignana da ke gaban garin Trapani, a yammacin Sisili, ya yi suna a kamun wannan kifi, can ne iyalan Florio suka gina katafariyar masana'antar sa shi a gwangwani a ƙarni na 19, yanzu ta zama gidan tarihi. A Palermo za ka ga jan naman tuna a kan teburan kasuwa an sassare shi gunduwa-gunduwa. Ka neme shi con la cipollata, wato soyayye aka lulluɓe shi da albasa mai zaƙi-zaƙi da tsami. Akwai kuma pesce spada, kifi mai dogon baki kamar takobi, wanda ake gasawa a shafe shi da man zaitun da lemon tsami da tafarnuwa, ko a fere shi siriri a naɗe da garin burodi. A ganina gasasshen ya fi, idan kifin sabo ne. Naɗaɗɗen sau da yawa hanya ce ta rufa wa kifin jiya asiri.

Wannan ya kawo mu kan sabo da daskararre. A Italiya wajibi ne gidan abinci ya bayyana abin da aka daskarar a firiza, kuma yadda suke yi shi ne su sa ɗan tauraro a gefen sunan abincin, da bayani a ƙasan shafi. Ka riƙa duba wannan alama. Gidan da ke kallon teku amma kowane kifinsa da tauraro, ya gaya maka ko shi wane ne. Sai dai ba kowane tauraro ne aibu ba. Jan jatan lande na Mazara del Vallo, wanda ake ji da shi a duk Italiya, daga ruwa mai zurfin gaske ake kamo shi, jiragen na yin makonni ba su dawo gaɓa ba, don haka a cikin jirgin ake daskarar da shi da zarar an fito da shi. Shi tauraronsa shaidar asali ce. Wani abin lura: jiragen da ke jan raga a ƙasan teku ba sa fita Asabar da Lahadi, shi ya sa ranar Litinin ta fi kowace rana ƙarancin sabon kifi, gidajen kifi da dama ma a ranar suke hutu. Litinin ka ci taliya da ganye.

Za a yi maka tayin ɗanyen kifi, crudo, 'yan gari na mutuwar son sa. Dokar Tarayyar Turai ta ce kifin da za a ci ɗanye sai an daskarar da shi a ma'aunin sanyi 20 ƙasa da sifiri na awa 24 aƙalla, saboda wata tsutsa da ake kira Anisakis. Gidan kirki yana bin wannan. Duk da haka, mutumin da ya zo kwas na mako biyu ba shi da kwanakin da zai ɓatar a banɗaki. Ni dai da zan ba ka shawara ka bar shi. Haka ma ricci, wata halittar teku mai ƙaya wadda ake kwankwaɗar cikinta: an hana kamun ta a Mayu da Yuni, lokacin haihuwarta. Duk wanda ya ce maka sabuwa ce a watan da za ka je, ko dai ƙarya yake yi ko kuma doka ya taka.

Sai maganar kuɗi, inda baƙi suka fi ƙonewa. Kifi guda da ake gasawa ɗungurungum ba a faranti ake sa masa farashi ba, a nauyi ne. Za ka ga an rubuta all'etto ko "hg" kusa da lambar, ma'ana kowane giram 100. Mu ƙaddara an rubuta yuro 7. Kai kana murna ka samu arha, alhali kifin da aka ɗauko maka giram 800 ne, kuɗinsa yuro 56 ke nan. Babu wanda ya cuce ka, a rubuce yake. Ka ce a kawo kifin ka gan shi kafin a ɗora a wuta, wannan al'ada ce ba rowa ba, ka tambaya "Quanto pesa?", wato nawa ne nauyinsa, ka yi lissafinka. Ka dubi idon kifin, ya zama garau ba dushi-dushi ba, ƙasan kunnuwansa kuma ja.

Ganyayyakinsu ma sun isa su riƙe mutum. Caponata baƙin yalo ne babba da aka soya aka dafa da seleri, albasa, tumatir, zaitun, khal da sukari, ana ci da sanyinsa, kuma washegari ta fi daɗi. Khal ɗin daga inabi ake yin sa. Jumhurun malamai sun halatta khal, amma idan kana da taka-tsantsan a kai ka tambayi malaminka tun kafin ka tashi. Akwai taliya da farin kabeji mai fure da zabibi, wadda suke kira broccoli arriminati, akwai macco, fate ne na busasshen wake mai faɗi, akwai kuma busiate al pesto trapanese, murɗaɗɗiyar taliya da dakakken tumatir da almon da tafarnuwa. Pasta alla Norma ta Catania ce, can gabashin tsibirin, amma ana yin ta da kyau a nan ma, kuma babu nama a cikinta.

Yanzu ga kalmar da nake so ka haddace kafin ka hau jirgi: strutto. Narkakken kitsen alade ne, fari, ba shi da wani wari da zai tona shi, kuma shi ne man talakan Palermo tun kaka da kakanni. Abincin titi mafi shahara a garin, pani ca meusa, saifa ce da huhun maraƙi a cikin burodi mai riɗi. Da ka ji "maraƙi" sai ka saki jiki, alhali a cikin wannan kitse ake sulala naman a gaban idonka, a wata karkatacciyar tukunya. Antica Focacceria San Francesco, wadda ke nan tun 1834, ta yi suna da shi; ka je ka ga ginin, ka ci wani abin. Frittola, wadda mai sayarwa ke zura hannu cikin rufaffen kwando ya damƙo maka, ita ma haka. Sannan duk jerin nan na burodi mai laushi da aka cusa wa abu, da za ka gani a gilashin kowane shagon kofi da safe, wanda suke kira rosticceria, da strutto ake kwaɓa shi a girkin gargajiya, ko da abin da ke ciki alayyafo ne da cuku. Nan ne mafi yawan 'yan'uwa ke faɗawa, domin sun duba cikin ba su ga nama ba. Burodin gari na yau da kullum, na garin alkama mai riɗi a kai, yawanci ruwa ne da gishiri da yis, amma shi ma tambaya ba ta da tsada.

Abin da za ka ci a titi da kwanciyar hankali shi ne pane e panelle. Garin waken nan ne da Larabawa ke yin hummus da shi, a dama da ruwa da gishiri, a bari ya daskare, a yanka fale-fale a soya a man gyaɗa ko wani man tsirrai, a cusa a burodi a matsa lemon tsami. Ƙosai da burodi ke nan na mutanen Palermo, kuma shi ma da zafinsa ake cin sa a tsaye. Ana haɗa shi da crocchè, curin dankalin Turawa soyayye. Akwai polpo, dabbar ruwan nan mai hannuwa takwas, da ake tafasawa a ruwan gishiri a yayyanka maka nan take. Sfincione, burodi mai kauri da miyar tumatir da albasa da ɗan kifi mai gishiri, wasu da man zaitun suke kwaɓa shi wasu da strutto, sai ka tambaya. Arancina kuwa, curin shinkafa soyayye mai girman lemo, iri biyu ne na asali, kuma duka biyun ba naka ba ne: ta nama sau da yawa haɗin shanu da alade ce, ta "burro" kuma, wadda sunanta ke nufin man shanu, da yankan naman alade a cikinta. Ka nemi ta alayyafo ko ta yalo. Idan kana da tsanani, ka sani a mai ɗaya ake soya su duka.

Giya kuma ta hanya uku take zuwa. Ta farko a kasko: taliya da vongole, ƙananan halittun teku masu ɓawo, kusan kullum sai an tsiyaya mata farar giyar inabi, haka shinkafa da kayan teku da kifin da aka dafa da romo. Mai girki zai rantse maka cewa ta ƙone ta bi iska. Ba duka take tafiya ba, musamman a girkin minti biyar. Abin daɗin shi ne irin wannan abinci sai ka yi oda ake ɗora shi, don haka idan ka ce "senza vino" za a yi maka ba tare da ita ba, kuma ɗanɗanon ba ya raguwa da wani abin kirki. Wanda ba ya gyaruwa shi ne miyar da aka dafa tun safe. Hanya ta biyu ita ce karamci: bayan an gama ci, mai gida zai iya ajiye maka ɗan ƙaramin kofi na limoncello ko amaro kyauta. Giya ce mai ƙarfi. Ka dafa ƙirji ka ce "Grazie, non bevo", ba wanda zai ji haushi. Caffè corretto kofi ne da aka ɗiga wa barasa. Acqua e zammù, ruwan sanyi mai fari-fari da ake sayarwa a tsofaffin rumfunan sha, abin da ake ɗigawa a ciki shi ma da barasa aka haɗa shi. Ka sha spremuta, lemon da aka matse a gabanka.

Hanya ta uku kayan zaƙi ne, kuma a nan ne zan ɓata maka rai. Cannolo, wanda duk duniya ta san Sisili da shi, ɓawonsa a gargajiyance da strutto da giyar Marsala ake kwaɓa shi, wasu ma a kitsen suke soya shi. Cassata akan jiƙa kek ɗinta da ruwan sukari da wasu ke sa wa barasa. Babà a cikin giyar rum yake iyo. Panna cotta da abin da suke kira colla di pesce ake daskarar da ita, kuma ko da yake sunan ya ambaci kifi, mafi yawan wadda ke kasuwa daga fatar alade ake yin ta. Abin da ya rage maka ba kaɗan ba ne: granita ta lemon tsami ko ta almon, wato niƙaƙƙiyar ƙanƙara mai ɗanɗano, frutta martorana, kwaɓin almon da sukari da aka siffanta kamar 'ya'yan itace, askirim na fistashiyo ko na 'ya'yan itace, ban da zuppa inglese da malaga, masu giya. 'Yan gari a cikin burodin brioche suke cusa askirim, shi ma burodin ka tambaya, don wasu man shanu wasu strutto.

Ka lura da wani giɓi a doka. Tarayyar Turai ta wajabta wa gidajen abinci bayyana abubuwa 14 da ke tayar wa mutane da borin jini, irin su gyaɗa, ƙwai, madara da alkama. Alade ba ya cikin jerin. Don haka takarda ba za ta cece ka ba, bakinka ne zai cece ka, matambayi kuwa ba ya ɓata. Kuma kada ka tsaya a "Non mangio maiale", ba na cin alade, domin a kan mutane da yawa a can, alade shi ne tsokar da aka gasa. Ɗan yankan prosciutto ko pancetta, wato naman aladen da aka adana da gishiri, ko kitsen cikin kwaɓi ba ya zuwa musu a rai. Ka ambaci abin da sunansa. Rubuta wannan a wayarka ka riƙa nunawa: "Sono musulmano. Niente maiale, prosciutto, pancetta, strutto, vino." Idan mai kawo abinci ya ce bari ya tambayo kicin, alama ce mai kyau. Wanda ya amsa da "no, no" tun kafin ka rufe baki, shi ne abin shakka.

Naman shanu da na rago a gidajen abincin gari ba yankan Musulmi ba ne. Maganar yankan Ahlul Kitabi a mayankar zamani malamai sun yi saɓani a kanta, ni kuma mai girki ne ba mai fatawa ba. Idan kwaɗayin nama ya taso, ka nufi unguwar Ballarò da titin Via Maqueda ta wajen tashar jirgin ƙasa, inda 'yan Bangladesh da Tunisiya ke da mahauta da gidajen abinci na halal, akwai kuma 'yan Gana da Najeriya da Senegal da Gambiya da shagunansu. Hayaƙin da za ka gani da yamma a bakin titi na stigghiola ne, hanjin rago ko maraƙi da aka naɗe a jikin albasa mai lawashi ana gasawa. Ƙamshinsa zai tuna maka da gida, amma hukuncinsa hukuncin sauran naman ne.

Lokacin cin abinci zai ba ka wahala a kwanakin farko. Abincin rana daga ƙarfe 1 ne zuwa wajen 2 da rabi, daga nan a rufe kicin. Na dare ba ya farawa kafin 8, 'yan gari ma sai wajen 9 suke cika wuri. Gidan da ka samu a buɗe yana ba da taliya ƙarfe 5 na yamma, na 'yan yawon buɗe ido ne. Tsarin cin kuwa hawa-hawa ne: antipasto, abin buɗe baki, primo, taliya ko shinkafa, secondo, kifi ko nama, wanda ke zuwa shi kaɗai a faranti, sai ka yi odar contorno, ganye ko dankali, daban, sannan zaƙi da kofi. Ba dole ne ka bi su duka ba, biyu sun wadatar. Ruwa saye ake yi, za a tambaye ka naturale ko frizzante, na biyun mai gas ne. A takardar kuɗi za ka ga coperto, kuɗin zama da burodi, yawanci yuro 2 zuwa 3 a kan kowane mutum. Halastacce ne muddin an rubuta shi a jerin abinci. Ba za a kawo maka lissafi ba sai ka ce "Il conto, per favore", don a wurinsu kawo shi ba a nema ba korar baƙo ce. Tukwici ba dole ba ne. Tun tsakiyar 2022 doka ta tanadi tara ga ɗan kasuwar da ya ƙi karɓar kati, amma a kasuwa da wurin masu suya ka riƙe tsabar kuɗi.

A ina? Tsofaffin kasuwanni uku ne. Ballarò ta fi girma da hayaniya, can ake cefanen gaske. Capo, bayan babban gidan wasan Teatro Massimo, ta fi sauƙin zagayawa, kuma teburan kifinta sun cancanci kallo da hantsi. Vucciria da rana ta zama kufai, da dare kuma mashaya ce a fili, ba abin da za ka yi a can. Don zama a ci a natse, ka nemi trattoria, wato ƙaramin gidan abincin gargajiya, a lungu, mai gajeren jerin abinci, inda mai kawo abinci zai karanto maka abin da aka samu yau da baki. Ka sa abokan aikinka 'yan gari su kira su kama maka tebur, musamman daren Asabar da ranar Lahadi. Idan ka ga tambarin Addiopizzo a ƙofa, mai wurin yana cikin 'yan kasuwar da suka fito fili suka ƙi biyan kuɗin kariya ga ƙungiyar miyagun nan ta Mafia. Matasan garin ne suka fara wannan yunƙuri a 2004, kuma ni ina fifita kai kuɗina irin waɗannan wurare. Mondello bakin ruwa ne mai kyau, amma kana biyan kuɗin kallon teku a cikin kuɗin kifin. Sferracavallo, ƙauyen masunta da ke gaba da shi, ya yi suna da farashi guda a ci kifi iri-iri: faranti na bin faranti har ka rasa inda za ka sa. Kada ka cika ciki da na farko-farkon, ka kuma gaya musu tun a bakin ƙofa cewa ba ka son ɗanye, ba ka son giya, domin a irin wannan tsari sau da yawa kwalbar giya na cikin kuɗin. Ka ce a musanya maka da ruwa ko lemo.

Idan ka samu Asabar ɗin da babu aji, ka hau bas zuwa Trapani, kimanin kilomita 100 yamma da Palermo, ka ci kuskus ɗinsu. Da hannu ake murza garin alkamar a faffaɗan akushin ƙasa, a turara shi, sannan a shayar da shi romon kifi iri-iri a rufe ya huta kafin a kawo. Ba nama, ba kitse, romon kawai za ka tambaya ko an sa masa giya. Garin San Vito Lo Capo da ke kusa yana yin bikin kuskus duk watan Satumba tun 1998, wannan kam ya wuce ka sai wata tafiyar.

Ranar Juma'a kuma, akwai masallaci a Piazza Gran Cancelliere, 'yar tafiya kaɗan daga mahaɗar Quattro Canti da ke tsakiyar tsohon gari. Tsohuwar coci ce da aka mayar masallaci a 1990. Ka tambayi lokacin huɗuba tun ranar Alhamis, ka kuma ci wani abu kafin ka tafi, don kafin a idar a gaggaisa yawancin gidajen abinci sun rufe kicin sai dare.